Hannun 'Yar Firit

Asabar, ƙarfe biyar na yamma

Ba zan rubuta abin da ya faru yau a wurin horon malamai ba. Mai son ji ya je ya tambayi Yaya, ita da ke layin gaba ta fi kowa gani.

Abu ɗaya zan faɗa. Wanda ya ƙera kwamfutar hannun nan da aka raba mana, ya sa mata wani ɗan maɓalli a kusurwa wanda da yatsa ya goge shi sai duk abin da kake kallo ya fito a babban allon bango, ban yafe masa ba.

Kuma me ya fito? Littafin soyayyar da nake karantawa a ɓoye. Hannun yarinyar kawai matuƙin jirgin ya riƙe. Hannu. Ya ce mata idanunta sun hana shi sukuni. Shi ke nan. Amma malamai cike da ɗaki, masu 'ya'ya har da masu jikoki, suka dinga dariya suna buga tebur. Malamin lissafi ma cewa ya yi, “A ɗan matsa mana ƙasa mu ga yadda aka ƙare.”

Matar da ke horar da mu, Mai Tabarau, ba ta yi dariya ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Tsayawa ta yi ta karanta a hankali, sannan ta ce, “Malamar aji ɗaya, idan kin sauka daga jirgin, muna jiranki a darasin harufa.”

Na ce ba zan rubuta ba, ga shi na rubuta.

Lahadi, da safe

Yaya ta zo tun ban gama shara ba. Yayar maigidana ce, ita ke riƙe da aji uku, kuma ita ta yi mini hanya a makarantar, abin da ba ta taɓa bari na manta ba. Ko zama ba ta yi ba.

“Amarya,” in ji ta. Shekara biyu da aure har yau amarya nake a bakinta, kuma ba don so ba. “Sunana kika ɓata jiya, ba naki ba. Ke wa ya san ki?”

Na ce, “Yaya, an kusa fita hutu fa lokacin.”

“Hutun da matar ke tsaye tana bayani? To bari ki ji. Idan an gama horon nan, ita za ta gaya wa hedimasta wa zai ci gaba da riƙe aji. Wadda ba ta yi ba, mataimakiya za ta koma, ta dinga fiƙe fensir tana raka yara banɗaki. Da ajinki kike wasa.”

Duk wannan maigida yana bakin famfo yana wanke babur. A littafin da nake karantawa, ranar da wata ta ɗaga wa yarinyar murya, matuƙin jirgin miƙewa ya yi ya buɗe ƙofa ya nuna mata hanya. Nawa mai walda ne. Ya matse tsumma ya ce, “Yaya, a dafa miki shayi?”

Ta sha kuwa. Kofi biyu.

Litinin, lokacin hutu

Na tarar da jirgin takarda a kan teburina a ɗakin malamai. Kowa ya duƙufa yana duba aikin yara, wai ba wanda ya gani.

Ajina nake so, shi ya sa na haɗiye. Kafin a kawo na'urar nan, da labari nake koya musu harufa. Na ce musu b mai tumbi ne, d kuwa mai goyo, suka yi ta dariya, kuma ba wanda ya sake rikita su. Yanzu darasin duk yana cikin kwamfutar. Abin da zan faɗa an rubuta da baƙi, abin da yara za su amsa da ja, ga agogo a sama yana gudu. “Ki ce: ku kalli allo. Ki dakata. Ki maimaita.” Saura kaɗan ta rubuta mini inda zan yi numfashi.

Yara ba su da laifi. Yau 'Yar Firit ta ɗaga hannu don kawai ta ɗauki abin gogewarta da ya faɗi ƙasa. Ita ce mafi ƙanƙanta a ajin, tana bencin baya saboda ta shigo a makare an riga an raba wurare. Ba ta motsi sai an ce ta motsa. Da irinta ce ta cika ɗakin malamai, da na huta.

Laraba, da rana

Matar Kyaftin. Sunan da suka sa mini ke nan, wai saboda matuƙin jirgin. Har mai gadi.

Asabar, da yamma

Layin gaba na zauna yau, kusa da Yaya, har ta ɗan ja jakarta kamar zan shafa mata wani abu. Littattafan duk na kwashe su daga kwamfutar na mayar cikin wayata.

Mai Tabarau ta ba mu aikin da a kansa za ta yanke hukunci. Kowa zai ɗauki bidiyon kansa yana koyarwa. Ka jingine kwamfutar a gabanka, ka danna jan maɓalli, darasin yana fitowa kana karantawa, kyamara tana ɗaukarka. Da ka gama ya tafi wurinta kai tsaye, ko kai ba za ka gani ba, wai don kada mutum ya yi ta maimaitawa har ya zama wasan kwaikwayo. Da ta ce wasan kwaikwayo ni ta kalla. Na ga ta kalle ni.

Na san irinta. A kowane littafi akwai ta: mai siririn baki, mai takalmi mai ƙwas-ƙwas, wadda ba ta iya ganin yarinya tana farin ciki. Kuma na san yadda irinta ke ƙarewa a babin ƙarshe, tsaye a gefe ana tafa wa wadda ta raina.

Talata, bayan an ci abincin yamma

Na ce wa maigida ya ƙera mini abin ɗora kwamfuta. In na jingine ta da littattafai, daga ƙasa kyamara ke ɗauka, ba abin da ke fitowa sai haɓa da ƙofar hanci.

Ya ɗauko abin awonsa ya ce in tsaya. Ya auna daga tebur zuwa ƙirjina. Na ce a'a, har fuska.

“Malama, in ya kai fuska zai tare miki yaran fa.”

“Kai dai yi abin da na ce. Yaran na san inda suke.”

Ya ɗaga kafaɗa. Yau ya dawo da shi, ƙarfe baƙi mai nauyi kamar ƙafar gado, har ya shafa masa fenti bai gama bushewa ba. Ya ajiye a tsakar ɗaki yana jiran in yaba. Matuƙin jirgin turare ya kawo mata daga wata ƙasa, a cikin kwali mai ɗaurin zare. Ni an kawo mini ƙarfe mai warin fenti, ya ɓata mini leda.

Na ce an gode. Ya ce, “Da daɗi haka?”

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Na yi shi, kuma na yi shi yadda ba za su manta ba.

Na sa shuɗin mayafina, na zizara kwalli. Kafin in danna komai sai da na ja wa yara kunne. Na ce yau ana ɗaukarmu a hoto, manya za su kalla. Duk wanda ya yi magana ko ya tashi ban kira shi ba, ni da shi ne. Mai magana ya ɗaga hannu ya jira. Ajin ya yi tsit, har ƙarar fanka nake ji.

Na goge fuskar kwamfutar da bakin mayafi don hoton ya fito tas, na danna ja, na fara. Ban yi tuntuɓe ko a kalma ɗaya ba. Inda aka ce a dakata na dakata, inda aka ce a maimaita na maimaita, na sa wa muryata zuma. Agogon yana cika ina rufe baki. Ji na yi kamar yarinyar littafin ranar da ta sauko daga bene kowa ya juyo.

Abu ɗaya ya so ya ɓata mini rai. Bayan na gama na tarar wani ya zubar da ruwa a ƙarƙashin bencin baya. Na yi faɗa, na ce ban hana shigowa da gorar ruwa aji ba? Ba wanda ya amsa. Na kira mai shara ta goge. 'Yar Firit kuma ta ƙi fita hutu, ta zauna ta rungume jakarta a cinya, na yi magana ta ƙi ɗago kai. Haka ta zauna har uwarta ta zo. Yaran yanzu, ƙanana da su sun iya fushi.

Juma'a, da rana

Yaya ta tambaye ni ya bidiyo. Na ce sai ta gani a bango.

'Yar Firit ba ta zo ba.

Talata, lokacin hutu

Wani jirgin takardar kuma. Wannan har da tagogi aka zana masa. Na ajiye shi a aljihun tebur, ranar Asabar zan mayar wa mai shi.

Na riga na shirya yadda zan yi in an gama nuna nawa. Ba zan yi murmushi ba. Zan dai sunkuyar da kai kaɗan.

Bencin baya har yau da gurbi. Yaron da ke zama kusa da ita ya dawo gaba, ya ce shi ba zai koma can ba. Na ce don me, sai suka kama ƙunshe dariya. Ba ni da lokacin shirmensu.

Asabar, ƙarfe ɗaya, a ɗakin horo

An nuna na Yaya. An tafa. An nuna na malamin lissafi, wanda rabin kansa ma bai fito ba. An nuna na wata da ta manta darasin ta tsaya tana lalube. Nawa ba a nuna ba.

Da ma na sani. Ba za ta iya ba. Zuciyarta ba za ta bari ba.

Yanzu ta ce, “Malamar aji ɗaya, ki jira ni in an watse.” Ina jira. Maganganun da zan gaya mata suna nan a jere a bakina.

Asabar, da yamma

Na gani.

Lahadi, da rana

Ban dafa komai ba. Na ce wa maigida kaina ke ciwo.

Litinin, bayan an tashi

Ba na cikin bidiyon. Ko gefen mayafina babu. Wurin goge fuskar kwamfutar na taɓa wani ɗan maɓalli a kusurwa, kyamara ta juya baya. Kusurwar nan dai. Yara ta ɗauka daga farko har ƙarshe, ni murya ce kawai.

Ranar Asabar ɗin Mai Tabarau ta rufe ƙofa, ta ajiye kwamfutarta a gabana, ba a bango ba. Ta ce, “Kalli bencin baya.”

Hannun 'Yar Firit yana sama tun ina kan harafin farko. Ɗan siriri, a miƙe sosai yadda na koya musu. Can ta tallafe shi da ɗayan. Ta kalli ƙofa. Ta kalli inda nake. Ta buɗe baki ta rufe, saboda na ce mai magana ni da shi ne. Ƙafafunta suna ta kaɗawa a ƙarƙashin benci. Muryata kuwa tana ta tafiya, ga daɗi, ga zuma.

Sai ƙafafun suka daina kaɗawa. Yaron kusa da ita ya ja jiki. Ta sauke hannun a hankali.

Daga nan muryata ta ce, “Madalla yara, ku tafa wa kanku.” Suka tafa. Ita ma ta tafa.

Na ce wa Mai Tabarau, “Ku kuka ce a bi na'ura. Ku nuna mini inda aka rubuta in ɗago kai.”

Ta ce, “Babu. Wannan gyara ne a wurinmu, kuma zan kai shi inda ya dace. Amma idon naki ne, Malama, ba mu muka raba miki shi ba.”

Na ce to na gode da ba ta nuna a bango ba. Ban so faɗa ba, fitowa ya yi.

Ta cire tabarau tana gogewa. “Ba don ke ba ne. Ke kin saba fitowa a bango. Don yarinyar ne.”

Na tsane ta. Na tsani yadda take magana a hankali. Na tsani cewa ko sau ɗaya ba ta ɗaga murya ba balle in samu abin riƙewa.

Talata, da yamma

Maigida na sauke wa. Yana shigowa ko takalmi bai cire ba na ce ƙarfensa ne ya jawo mini, ya yi shi kamar katanga.

Ya ce, “Na gaya miki zai tare.”

“Abin da ka iya ke nan, na gaya miki. Yayarka ta zo har ɗakina ta wanke ni tas, kai shayi ka ba ta. An mayar da ni abin dariya a makaranta, ka taɓa zuwa ka tsaya mini?”

“In zo in yi me? In yi wa hedimasta walda?”

“Wasu mazan da tuni sun san abin yi.”

“Wasu mazan na cikin waya?” Ya zauna ya fara kwance igiyar takalmi. “Yarinyar fa, ta dawo?”

 Na shiga ɗaki na turo ƙofa. Na buɗe littafin, matuƙin jirgin yana tsaye cikin ruwan sama a ƙofar gidansu yarinyar. Na karanta shafi ɗaya sau uku ban san me aka ce ba.

Laraba, da safe

Ƙarfen ba ya inda na jefar da shi. Ya tafi da shi wurin aiki. Ya sayar ma in ya ga dama.

Alhamis, da rana

Uwar 'Yar Firit ta zo ofishin hedimasta. Aka kira ni. Na zaci za ta yi ihu, na shirya mata. Ba ta yi ba. Cewa kawai ta yi kullum da safe yarinyar na ɓuya a bayan ƙofa in an ɗauko rigar makaranta, kuma ko a gida yanzu sai ta ɗaga hannu kafin ta tashi.

Ta juyo ta ce, “Malama, ta ce ke kika ce kada a yi magana.”

Na ce haka ne.

Hedimasta ya yi ta juya biro. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya kira ta.

Litinin, ƙarfe biyu

An yanke. Mataimakiya, har ƙarshen zango, sannan Mai Tabarau ta dawo ta sake dubawa. A ajina. Kuma Yaya aka ba ajin, aka haɗa nata da na wani.

A gaban yara ta ce, “Amarya, ga gwangwanin fensir can, ki zauna baya.”

Ajina. Hotunan da na manna a bango da hannuna. Mai tumbi da mai goyo da na zana a kwali, yau ta cire su ta ce ba sa cikin manhaja.

Laraba, lokacin hutu

Daga baya ajin daban yake. Ana ganin wanda ke cin fensir, da wanda ke motsa baki ba ya faɗin komai, da wadda ke riƙe littafi a juye. Malama kuwa daga nan ba a ganin komai nata sai saman kai.

Malamin lissafi ya ce, “Matar Kyaftin, an dawo da ke kujerar baya ke nan? Can ne masu ƙaramin tikiti.” Na ɗauko jirginsa daga aljihun tebur na ajiye masa a cikin kofin shayi.

Alhamis, da yamma

Ya dawo da ƙarfen. Ya yanke shi, yanzu ko taƙi ɗaya bai fi ba, ya sake masa fenti. Ya ajiye a bayan ƙofa. Na ce me zan yi da shi, ni da ba ni da aji?

Ya ce, “Ai ƙarfe ba ya ruɓewa.”

Ban ce an gode ba. Na dai ɗauke shi daga bayan ƙofa kada a yi tuntuɓe.

Litinin, da rana

'Yar Firit ta dawo. Uwarta ta rako ta har bakin aji. Ta zauna a ƙarshen benci, ni ina ɗayan ƙarshen da gwangwanin fensir. Ba ta kalle ni ba. Abin gogewarta ya faɗi, ta bar shi a ƙasa har aka tashi. Hannun bai ɗagu ba ko sau ɗaya.

Laraba, bayan an tashi

Yaya tana tsakiyar darasi, kanta a kan kwamfuta, agogo na korarta. Ni ina fiƙe fensir. Sai na ga ƙafafun 'Yar Firit suna kaɗawa a ƙarƙashin benci.

Na kalli hannunta. Yana kan cinya, ta danne shi da ɗayan. Ba za ta ɗaga ba. Ta riga ta gwada.

Na ajiye gwangwanin, na matsa kusa na ce a hankali, “Zo mu je.” Ta kalli Yaya. Na ce, “Ni za a yi wa faɗa, ba ke ba.”

Mun kai bakin ƙofa Yaya ta ɗago. “Amarya, ana darasi. Wa ya ba ku izini?”

“Ba mu nema ba, Yaya.”

“Za mu yi magana.”

“To.”

Za ta kai ni wurin hedimasta, na sani, kuma ranar Lahadi za ta zo ta sha shayi a kaina. Bari ta zo. Mai Tabarau ma ta dawo ƙarshen zango da takalminta, ban yafe mata ba, ina nan ina jiranta da guntun ƙarfena.

Mun isa banɗaki a kan lokaci. Na tsaya a waje na jira ta, na buɗe mata famfo ta wanke hannu. A hanyar dawowa, wajen tagar aji biyu, sai na ji wani abu mai sanyi ya kama yatsuna biyu. Ban kalli ƙasa ba, kada ta saki.

Hannu kawai ta riƙe.